Mutuwa ta Goma Sha Takwas

Sau goma sha bakwai Yahuza ya mutu,
ni na riƙe kamara, ni na ƙirga.
Sau huɗu da wuƙa, sau biyu da guba,
sau ɗaya ya gangaro daga dutsen Birni,
ya miƙe yana kakkaɓe riga:
"Gambo, ka ɗauka, ko in sake?"

Kafin fim, kurar ruwa yake turawa
daga Garin Malam har cikin Zango,
jarka goma, rana a ƙeya,
shekarun da Damagaram ke kwana a layin famfo.
A ƙofofin gidaje ya haddace fuskoki:
ta mai bin bashi, ta mai kunyar bashi,
ta Alhajin da ke taya ruwa kamar zai sayi raƙumi.

Mun ba shi mugu don idonsa ja ne.
Ashe rashin barci ne.
Ya cinye dukiyar marayu a kaset ashirin,
ya sayar da garkar ƙanensa a Mirriya,
har wata tsohuwa a Kasuwar Dole
ta hana shi albasa, ta ce kuɗinsa haramun ne.
Ya dawo yana dariya har da hawaye:
"Yau dai an biya ni."

Hotonsa ya je Maraɗi, ya je Agadas,
an liƙa shi a tankin kabu-kabu.
Kuɗin suka bi aljihun masu kwafa,
shi kuwa ɗaki ɗaya, rediyo, da akuya mai gardama.

Kaset ya mutu, faifai ya bi sahu,
yara suka ƙaura cikin waya.
Yakan zauna bencin mai shayi,
ana nuna shi da leɓe: ga azzalumin nan.

Ran Talata, bayan la'asar,
ba wuƙa, ba guba, ba jan garura a ƙirji.
Tari ne kawai, na wata uku.
Na kai labari cikin gari,
aka ce, "Yaushe zai fito?"

Tsohuwar nan ta aiko jikanta
da albasa cike da ƙwarya.
Ba saƙo.

Da muka sa shi a kabari
na tsaya daidai kansa, yadda na saba,
kalmar tana bakina: a yanke!
Na jira ya buɗe ido ɗaya.
Mai haƙa ya taɓa kafaɗata:
"Matsa, Malam, rana za ta faɗi."