Arzika Mai Jirgi

A ɗakin karatun jami'a, fanka ta mutu,
ina juya labarin mutanen da:
tsohon da ya karɓi ƙwaryar guba yana hira,
Bayahuden da ya ƙi loma ɗaya ta haram,
Banasariyar da ta gyara kitso kafin a saki zaki.
Kowa an adana kalmarsa ta ƙarshe.

Da marece na bi ta Kwalkwalawa.
Nan ne Arzika mai jirgi,
shekarar da gulbi ya yi fushi,
ya fid da yara huɗu,
ya koma ɗauko na biyar.

Bai ce komai ba.
Ko ya ce, ruwa kaɗai ya ji.
Takalminsa na roba ya kwana uku a gaɓa,
an rasa mai ɗauka.