Tafintar Tudun Hatsi

Ƙarfe tara, a benen Jekadafari,
muna tsaye, don ba a zama a wannan taro.
Lamela ya faɗi abin da ya saƙa jiya,
Buba ya ce ɗaukewar wuta ta cinye masa rabin yini.
Da aka zo kaina
na kakkaɓe ƙaiƙayi daga bakin mayafi,
na ce: ni jiya saurare na yi.

Aikina ke nan.
Ba na rubuta wa na'ura umarni, ba na awon masara.
Kunne ɗaya a kasuwa, ɗaya a ofis,
tsakaninsu Keke Napep da kuɗin mai.

Alhaji Bappayo yana son manhaja
ta riƙe masa lissafin rumfa.
Ya ce buhu. Na rubuta buhu.
Lamela ya ce: kilo nawa?
Na koma na tambaya.
Ya yi dariya har hula ta karkace:
Wane buhun, Dijatu? Na Kumo ko na Bajoga?
Na kaka, ko na bazara da wake ya sha iska ya rame?
Mai toliya, ko wanda aka ɗinke wa baki?

Kalma guda, 'ya'ya bakwai.
Na kwaso su a jaka,
na manna kowanne a bango da takardarsa rawaya.

Mako biyu-biyu muke tafiya.
Ba ma jiran tukunya ta sauka;
ɗan abin da ya nuna, mu kai a bakin ludayi
mai ita ya ɗanɗana,
ya ce gishiri, ko ya yi shiru,
shirun ma in ɗauko shi in kawo.

A zagaye na huɗu ya ce:
masu bashina mantuwa gare su, a sa waya ta tuna musu.
Kwana uku Buba ya gama, tsaf, ba tangarɗa.
Ran Alhamis saƙo ya tashi
zuwa mutum arba'in da ɗaya,
kowa da sunansa, kowa da adadinsa,
har surukin Alhaji,
har limamin da ya raɗa wa 'ya'yansa suna.

Juma'a na kira, ba a ɗaga ba.
Asabar na je. Ya ba ni benci, bai ba ni ido ba.
Can ya ce: 'yata, cewa na yi a tuna musu.
Ban ce a bi su ba.

Ba laifin Buba ba ne.
Na'ura ba ta san kara ba, abin da aka ce mata take yi.
Ni ce na ɗauko maganar na bar inuwarta a rumfa.
Na ji abin da ya furta,
ban ji wanda ya haɗiye ba.

Na rufe littafi, na wuni a kan bencin nan.
Bayan azahar na ga ya yafito yaro:
je ka gidan Malam Yerima, ka ce ina gaisuwa,
yaya mai jiki.
Shi ke nan. Ba kuɗi a ciki, ba buhu.
Kafin magariba ga rabin bashin a ƙunshe cikin leda.

Litinin na ɓare tsohuwar takarda,
na rubuta wata:
A matsayina na ɗan kasuwa,
ina so waya ta tuna mini, ni kaɗai,
wanda ya kamata in gaisar.
Lamela ya karanta sau biyu,
ya ce ai wannan ya fi sauƙi.
Na ce: a wurinka.

Ranar nuni aka yi wa allo tafi.
Duk cikin manhajar babu layi ɗaya nawa,
kamar yadda ba a ganin zaren da ya riƙe bakin buhu
sai ran da ya tsinke.
Alhaji ya latsa da babban yatsa,
suna ya fito, ya gyaɗa kai,
ya waiga yana neman yaronsa.

A bango saura takarda guda,
an rubuta tiya, da alamar tambaya.
Gobe da sassafe zan tari Keke.