Dashe

Shekara goma sha tara ina ban-ruwa a Kadawa.
Na san kukan ƙasa in ƙishi ya tsaga ta,
amma ban gane kukan Barira ba.

Wata huɗu gare ta.
In ta kama mama sai gumi ya keto mata a goshi
kamar mai huɗa da tsakar rana,
ta saki, ta tsandara ihu, ta yi fari fat.
Zuwaira ta ce, ko nonona ne ya yi ɗaci?
Inna ta ce iska ce, aka yi turaren hano.
Mai kemis ya ce limoniya.
Kwalba uku ta ƙare, gumin bai ƙare ba.

A birni likita ta shafa mata mai mai sanyi a ƙirji,
zuciyar ta fito a allo, baƙi da fari,
tana bugu kamar mai dakan da hannu ya mutu mata.
Ta juya bayan takardar magani ta yi zane.
Ta ce, Malam Haladu, ita ma zuciya tana shan nata rabon.
Jijiya biyu ke shayar da ita.
Ta dama ta fito daga babbar hanya, lafiya lau.
Ta hagu tun a ciki ta yi ɓatan kai,
ta je ta manne a hanyar huhu
inda jini bai riga ya sha iska ba,
maimakon ta kai, kwashewa take yi.
Na ce, likita, dakata.
Wato an haɗa fangalina da lambatun zubar da ruwa.
Ta ɗago ta dube ni.
Ta ce, ka riga ni.

Na sayar da injina.
Tasi'u ya kai bijiminsa kasuwa bai gaya mini ba.
Ran Juma'a aka baza darduma a ƙofar masallaci,
har mai ƙosan bakin kwalbati ta kwance bakin zani.

Ga abin da suka ce za su yi:
za su tsayar da zuciyar.
Na ce a sake faɗa.
Za su tsayar da ita, inji ya riƙe mata bugu,
su yanko jijiyar da 'yar ƙasar gindinta kamar maɓallin riga,
su kai ta babbar hanya su ɗinke
da zaren da gemun masara ya fi shi kauri.
Dashe ke nan.
Ni ma ba na cire iri ba tare da ƙasarsa ba.

Awa shida a kan benci.
Carbi ya zame mini sau biyu.
Nono ya jiƙe gaban rigar Zuwaira, ba mai sha,
ta rufe da mayafi tana kallon ƙofa.

Da muka gan ta, duk robobi,
na tuna tumatir washegarin dashe,
kwance, ya yi yaushi, kai ka ce asara.
Wanda bai sani ba sai ya tuge.
Na ce wa Zuwaira, bar shi, yana kama ƙasa ne.
Ban san ko na yarda da bakina ba.

Yau wata biyar.
Tabon na nan, kunya guda daga wuya zuwa ciki.
Akwai magani safe da dare, akwai komawa asibiti,
likita ta ce gonar da ta daɗe da ƙishi
ba ta yin kore rana ɗaya.
Injin aro nake jira, sai Tasi'u ya gama nasa.

Ɗazu kafin in fita na tarar tana sha,
tana sha ba ta saki ba, ƙafa na wasa da iska.
Na sa bayan hannuna a goshinta.
A bushe.
Ni da na ƙare ƙuruciyata ina faɗa da bushewa,
na tsaya nan a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa
har rana ta taɓa dangar Inna.