Sifanar Uzairu

Sunansa Ezra. Bakinmu ya gaza,
muka ce Uzairu, ya amsa.
Bayahude ne. Ya zo tare da masu haƙa burtsatse,
suka kwashe kayansu suka tafi, shi ya maƙale
a wani shago bayan Tsohuwar Kasuwa,
yana gyaran injin ban-ruwa.
'Yar hularsa ba ta kai murfin tulu ba.
Shekara tara ina miƙa masa sifana.

Shekarar da na soma nawa noman,
fangali arba'in na albasa a Kwalkwalawa
da injin da na saya na hannu,
ya saurari kukansa sau ɗaya, ya ce,
"Modi, canza baƙin mai."
Na ce gobe.
Goben ta haihu, 'ya'yanta ma suka haihu.
Kowace asuba ina ɗaga hannu: Allah ka tsare.
Ran wata Talata, rana tsaka,
injin ya yi tari, ya yi shiru.
Kwana shida ba ɗigon ruwa.
Ganye ya kwanta, ya koma ruwan ɗorawa.

Na shigo shago ina cewa ƙaddara.
Bai ɗago ba. Ya tsoma yatsa cikin man,
ya nuna mini, baƙi ƙirin, da yashi-yashi.
"Wannan ma ita ce?
Malamanmu sun hana mutum zama
a gindin katangar da ta karkace
yana jiran abin al'ajabi.
Roƙi abin da hannunka bai kai ba.
Galan yana kan kanta, Modi. Hannunka ya kai."
Sati biyu ban gaishe shi ba.
Sifana kawai nake miƙawa.

Amma mutumin nan, da rana ta faɗi ran Juma'a,
sai ya goge hannu da tsumma, ya ja ƙofa.
Ko da buhun kuɗi ka zo daga Wamakko,
sai taurarin daren Lahadi sun fito, guda uku.
Na ce, "Kai da ke mana wa'azin aiki?"
Ya ce, "Kwana shida ina koya wa hannuna motsi.
Na bakwai ina koya masa
cewa ba shi ke juya duniya ba.
Wannan karatun ya fi ba shi wuya."

Damina uku bayan haka na zuba shinkafa.
Na yi shema kan lokaci, na sa taki,
na ɗaure jinga har ƙugu,
mai kuwa sabo fes.
Dare ɗaya Rima ya cika ya batse.
Da safe balbela ce ke tsaye a inda gonata take.

Na zauna a kan tudu ina laluben laifina
kamar mai neman allura a cikin ƙaiƙayi.
Ya zo, laka har gwiwa, ya zauna.
Bai ce uffan ba.
A wurinsu, wanda ya zo jaje ba ya fara magana.
Har la'asar, sannan na ce, "Ina na kuskure?"
Ya ce, "Babu.
Waccan taka ce, ka ƙi ɗauka.
Wannan ba taka ba ce, kana neman goya ta."
Na ce, "To in roƙi me?"
"Ban da jiya. An riga an rufe jiya.
Roƙi gwiwar da za ta tashi gobe,
don injin na nan cikin laka,
kuma ni kaɗai ba na iya ciro shi."

Ya koma wajen 'yarsa da ido ya fara hazo.
Ya bar mini shagon da sifana mai lamba sha uku,
wadda tafin hannunsa ya cinye wa gefe.
Addininsa na can, nawa na nan,
ban taɓa jin ya ce in matso ba.

Yanzu in na sallame asuba, na shafa,
sai in zaro karan mai in duba.
Jiya yarona Bube ya ce mini gobe.
Na nuna masa kanta.