Kujerar Baya

Ranar Asabar jami'a ta buɗe ƙofa:
lacca kan al'ummar Slab, kowa ya zo.
Na bar jarkata a layin famfo, na hau kabu-kabu.

Mushe ya rataya taswira,
sandarsa na yanka iyaka kamar mai rabon gado.
Ɗalibai na rubutu, ni ina ƙidayar shekaru.

Can, inda ya ɗiga ja, na koyi haƙar rijiya.
Ɗaki ɗaya mu uku: ni, Mikola, Tolya,
tukunya ɗaya ta jar miyar kabeji.
Yau ƴaƴansu na cikin ramuka,
suna hangen juna ta bakin bindiga.

"Akwai tambaya?"
Na ɗaga hannu, na sauke.

Takardar shaidata na adaka a Birni,
da hatimin ƙasar da ta riga ni mutuwa.