Aji a Kan Ruwan Baturiya

Ran Laraba Malama Hansatu ta ce
yau ruwa ne allonmu.
Baba Jatau ya ɗaura buhunan taki a gora,
iska ta cika su, kwale-kwale ya ja mu.

Ta ɗebo ruwa a kwalba, ta ɗaga wa rana:
"Akwai masu rai ko a ɗigo guda."
Gambo ya ce shi dai laka ya gani.

Baba Jatau bai tanka ba
sai inda kacalla ta toshe hanya.
"Nan ubana ya kama giwan ruwa.
Yanzu jan-baki ke kwana."

Na tsamo leda daga cikin bado,
na rasa inda zan yar.
Har gida tana aljihuna, tana ɗiga.