Ƙumba Bakwai a Bakin Taga

A Bor Sudan fenti ba ya jiran kowa.
Ka matsa shi a faranti, ka waiga ka kori ƙuda,
kafin ka juyo ya yi fata
kamar kunun da aka manta a inuwa.
Akirilik ke nan, ɗan gaggawa,
shi da zafin garin nan bakinsu ɗaya.

Ni malamin ƙidaya ne a tashar jiragen ruwa.
Wuni nake lissafa kwantena,
ja, shuɗiya, ja, mai tsatsa,
ban taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba.
La'asar sakaliya in dawo gida,
in yanka kwalin shayi daidai tafin hannuna,
in shafe shi da fari, in jingine.

Ohaj mai kwale-kwale ne ya kawo min su
cikin aljihun falmaransa, da yashi da ƙarni.
Ya ce, me za ka yi da gidan da mai shi ya rasu?
Na ce, kallo.
Ya shanye jabanarsa, bai ƙara tambaya ba.

Ta farko na ɗauka fara ce.
Kwana uku ina shirga mata ƙarya da farin fenti,
sai ranar da aka ɗauke wuta
na matsar da ita bakin taga.
Ashe leɓenta ruwan hoda ne, kamar dasashin jariri,
bayanta rawaya irin ta tsohon haƙori,
kowane kwari da tokarsa,
inuwarta kuwa shuɗiya,
ta miƙe a kan tebur ta fi ta tsawo.

Mai murɗin nan, 'yar'uwar katantanwa,
ta cinye min kwali shida.
Na kasa gane inda murɗin ya soma.
Ikhlas ta kara ta a kunne,
ta ce, Baba, teku na ciki.
Na ce, to riƙe shi da kyau
kada ya zube min a kan aiki.

Ta biyar wuri ne.
Shi ne na daɗe ina kewayewa.

Kakata Tasalla ta taso daga Haɗeja da ƙafa,
shekara tara tana hanya:
ta tsinci auduga, ta sayar da ƙosai,
ta binne ɗa a garin da ba ta riƙe sunansa ba.
Wuri ɗari ne ɗinke a lalitarta, guzurin Makka.
Da ta iso Sawakin ta kwance su gaban mai gishiri,
ya yi dariya, ya nuna mata gaɓar ruwa,
inda yara ke taka irinsu.
Ba ta ƙetare ba.
Ta zauna tana kallon gabas har idon ya tafi.

Na kifa shi, na juya shi rigingine.
Baki ne a rufe, haƙora a jere,
mai maganar da ya fasa faɗa.
Na haɗa ruwan ƙasa da ɗigon ja,
na ja tsagar da buroshi mai gashi uku,
hannuna ya yi rawa, layin ya karkace.
Kafin in gyara ya bushe.
Na bar shi haka.
Ita ma bakinta ya ɗan karkace in za ta yi murmushi.

Ta shida ta fito cikin minti ashirin, ban san yadda aka yi ba.

Ta bakwai fasasshiya ce, rabi kawai teku ya ba mu.
Har yanzu kwalinta fari ne.
Awadiyya na kira daga tsakar gida, asida za ta huce,
buroshi ya sandare a hannuna kamar tsinke,
wani jirgi na kuka a mashiga,
gobe da asuba ni zan ƙirga kayansa.